Siririyar kwamfuta mai tsada: ku da kuka riƙe ta a Maraɗi, me kuka gani?

Ƴar Unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiyarku. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda ya riƙe abin da hannunsa a garin nan, ya ci bazara da hunturu da shi.

Ina aiki da wata ƙungiya mai bin manoma. Da wuya mako ya wuce ban kama hanyar Dakoro ko Mayahi ko Gidan Rumji ba. Kwamfutar da ke hannuna tun ina jami'a nake jan ta, ita da sharjarta sun kusa kilo uku, batirin kuma ya daɗe da mutuwa, kuran na tafiya take mutuwa. Kafaɗata ta dama har ciwo ta fara. Na kwashi adashe watan jiya, na haɗa da abin da na tara shekara guda, kuma hankalina ya karkata ga siraran nan: MacBook Air, Dell XPS 13, ko ThinkPad X1 Carbon. Yayana ya ce in rufa wa kaina asiri, wai kayan masu zama cikin kilim ne, ba na rairayin Maraɗi ba. Don Allah wanda ya taɓa amfani da irinsu ya gaya mini daɗin da wahalar duka.

Mushe daga Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni MacBook Air ce a hannuna, mai M1, wadda ta fito a ƙarshen 2020. Wani ɗan uwana ya taho mini da ita daga Faransa, yau shekara uku ke nan. Nauyinta kilo 1.29, cikin jakar da nake zuba takardun ɗalibai take kwana, wani lokacin sai na laluba in tabbatar tana ciki.

Abin da ya sa ba na iya rabuwa da ita batiri ne. Kamfanin ya ce tana iya kai awa 18. Ni ban taɓa zama na ƙirga ba, amma na san in na cika ta da asuba, zan shirya darasi, in shigar da makin aji huɗu, in buga jarrabawa, har magariba ban nemi soket ba. A ƙarshen zango, lokacin da kowa ke gaggawar miƙa maki, na sha ganin abokan aikina sun naɗe hannu saboda kuran ya tafi, ni kuwa ina ƙarƙashin bedi ina aikina. Sharjarta wat 30 ce kawai, ta USB-C, don haka ɗan fanon hasken rana da ke gidana yana ɗaukarta ba tare da gardama ba, haka ma babban fawa-bank mai ƙarfi. Ga wanda ke kwana a ƙauye kamar ke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba ta da fanka a ciki ko ɗaya, ba ta ƙara, ba ta zuƙar ƙura. In dare ya yi yara suna barci, ko motsinta ba a ji.

Mai horaswa na Sabon Gari:

Mushe ya faɗi gaskiya kan batiri. Ni ga abin da ya same ni da tawa siririyar. An kira ni in ba da horo ga wakilan ƙungiyoyin mata, mutum kusan arba'in sun zauna, an kunna majigi, aka miƙo mini wayar HDMI. Na juya injina dama, na juya hagu, ƙofofi biyu ne kacal, duka ƙananan USB-C. Ɗan adaftan da nake haɗawa na baro shi gida cikin wata riga. Na ce to a ba ni kile in kwashe aikin in sa a wata kwamfuta, kilen ma mai babban baki ne, ba ya shiga. Rabin awa matan nan suna zaune, wasu da goyo, wasu sun taso tun daga Tibiri, har aka aiki yaro a kabu-kabu ya ɗauko. Ranar na ji nauyin mutanen nan ƙwarai. Yanzu adafta biyu gare ni, guda ba ta fita daga jaka.

Mai gyara na bakin babbar kasuwa:

Salamu alaikum. Ɗiyata, ni aikina ke nan, shekara goma sha ina buɗe cikin injunan nan, don haka ki yi haƙuri maganata za ta yi tsawo.

Da fari ki san yadda anka yi sirantakar. Ba sihiri ba ne. Abubuwan da a da ake cirewa a mayar, su ne anka narke anka manne a jikin babban katin. A duka ukun da kika lissafa, RAM, wato ƙwaƙwalwar da inji ke aiki da ita, a manne take. In kin sayi mai giga 8, da 8 za ki zauna har ranar da za ki rabu da ita, ba wanda zai ƙara miki ko a Yamai ko a Kano. A MacBook Air ƙirar 2018 zuwa sama har ma'ajiyar kanta, wato SSD, a manne take. A X1 Carbon kuwa ana kwance SSD a sa wata. Wannan bambancin ba ya fitowa ranar saye, sai ranar da inji ya ƙi tashi. Tsohuwar da kike kuka da nauyinta, in ta mutu yau, minti goma ya ishe ni in ciro miki diski da duk aikinki. Mai manne kuwa, in katin ya ƙone, sau da yawa abin da ke ciki ya tahi ke nan.

Sai kayan gyara. Na manyan injuna irin waɗanda ma'aikatu ke zubarwa, kilabiye da batiri da ekran, ina da su cikin kwali a shago. Na siraran nan sai na yi odo daga Kano, wani lokacin Kanon ma sai an jira daga Dubai ko Sin. Kun tuna lokacin da anka rufe iyaka bayan Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024? Injuna uku sunka kwana wata da watanni a kan teburina don ekran kawai. Kuma ekran ɗin irinsu ba a canza gilashi shi kaɗai, galibi murfin gaba ɗaya ake sakewa, shi ya sa kuɗin ke tayar da hankali.

Zahi kuma, yayanki bai yi ƙarya ba duka. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi aiki da injinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35. Mu nan a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Ba wai za ta fashe ba. Abin da take yi, in ta ji zahi sai ta rage gudu don ta kare kanta. Mai rubutu da lissafi ba zai ma lura ba, mai haɗa bidiyon biki zai ji a jikinshi. Wanda zahi ke ci a hankali shi ne batiri. In kin ga wurin da ake goga yatsa ya fara tasowa, ko murfin ba ya ruhuwa daidai, batiri ya kumbura, ki daina sa ta a wuta ki kawo. Mafi yawan waɗanda anka kawo mini haka, an bar su cikin mota da rana, ko kan katifa suna caji.

Masu fanka suna zuƙar ƙurar hunturu, kuma hanyar iskarsu ƙanƙanuwa ce, da wuri take toshewa. Ina son a kawo mini su sau ɗaya a shekara, bayan buji ya wuce, in hure.

Abu na ƙarshe, tunda na san okaziyo mafi yawanmu ke saye. In MacBook ce, kada ki ba da ko dala sai mai ita ya fita daga asusunshi na iCloud a gabanki, an goge ta, kin shiga da naki. In tana kulle da sunan wani, ba ni da abin da zan yi miki, ba kuma wani mai gyara na gaskiya da zai yi. Ki kuma dubi shekara: ƙirar 2015 zuwa 2019 akwai masu wani siririn kilabiye da ƙura kaɗan ke maƙale wa maɓallansa, har kamfanin ya buɗe shirin gyara shi kyauta a 2018, daga baya ya bar ƙirar. Wannan ba na garinmu ba ne.

Alhaji mai harkar suma:

Ni X1 Carbon nake riƙe da ita, yarona ya zaɓa mini. Kilo ɗaya da ɗan abu ce, ekran inci 14, kuma tana da ƙofar HDMI da babbar USB, abin da ya ba Malam mai horaswa wahala bai taɓa samuna ba. Da ita nake zuwa Kwatano da Lome, lissafin buhunan suma da wake duk a ciki. A tashar jirgi hannu ɗaya nake zaro ta. Alhamdu lillahi.

Ɗalibin aikin gona, jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:

Yaya, tambaya guda ba wanda ya yi miki: da waɗanne manhajoji kike aiki? Wannan ya fi nauyi da batiri muhimmanci. In KoboToolbox ne da Word da Excel, ko wacce kika ɗauka za ta yi. In kina zana taswirar gonaki, QGIS yana tafiya a kan Mac da Windows duka, amma ArcGIS Pro na Windows ne kawai. Haka Access, manhajar ajiye bayanai. Ni na ari siririyar wani abokina don in ƙarasa taswirorin kundina, sai da na kai ta gida na gane manhajar da malamina ya ce in yi da ita ba ta hawa kanta. Kwana huɗu na rasa, ga ranar miƙa aiki ta matso. Ki tambayi mai kula da injunan ofishinku tun kafin ki fitar da kuɗi. Ki tambaye shi har da firintar da kuke bugawa da ita, in tsohuwa ce.

Maman ƴan biyu, Bagalam:

Ƙanwata, na daɗe ina karantawa ina shakkar in yi magana, don abin har yanzu yana mini ciwo.

Maigidana ya saya mini tawa lokacin da na koma karatu. Ban taɓa riƙe abu mai kyau irinta ba. Ekran ɗinta ba ya gajiyar da ido, ina shayar da yaro da hannu ɗaya ina karatu da ɗayan, tana kan cinyata kamar littafi. Wata takwas ina rubuta kundina a kanta, hirarrakin da na yi da ungozomomi a ƙauyukan Madarumfa duk suna ciki, da muryoyinsu da hotuna.

Wata safiya na tashi in duba tukunya, na bar ta buɗe a kan tabarma, kofin kunu yana gefe. Hasana ta rarrafo. Kafin in juyo, kunun ya bi ta cikin maɓallai. Na goge, na kife ta, sai kuma na yi kuskuren da aka ce mini daga baya shi ne babba: na sake kunna ta in gani ko tana aiki. Ta yi haske sau ɗaya ta ɗauke. An kai ta Kano, aka ce katin ya ƙone kuma ma'ajiyar a jikinsa take. Babi biyu kawai na samu, waɗanda na taɓa aika wa malamina ta imel. Ɗaya daga cikin tsofaffin da na yi hira da su ta rasu kafin in koma, Allah ya jiƙanta, abin da ta gaya mini ba ni da shi yanzu sai wanda na riƙe a ka.

Ban ce kada ki saya ba. Da zan samu hali, irinta zan sake saye. Amma ranar da kika saye ta, ki sayi diski na waje a ranar, kuma duk Juma'a ki kwafe aikinki. Ki samo mata jaka mai tauri, ba ta ƙyalle ba, tunda kabu-kabu kike hawa.

Mai gyara na bakin babbar kasuwa:

Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Kowa ya ji: in ruwa ya shiga, a kashe, a cire sharja, kada a kunna, kada a sa a rana, a kawo a ranar.

Sakatare a wata lakkol:

Ƙaramin abu amma kullum za ki taɓa shi: kilabiye. Waɗanda ke shigowa ta Kano da Dubai yawanci QWERTY ne, na Ingilishi. Mu kuma rahotanninmu da Faransanci muke yi, hannunmu ya saba da AZERTY. A tsofaffin injuna mukan liƙa ƴan takardun haruffa a kan maɓallai, amma a siririya tazarar da ke tsakanin maɓallai da ekran kaɗan ce in an rufe, tawa sai da liƙin ya bar mata tabo a gilashi. Ki nemi wadda ta zo daga Faransa ko Beljik in AZERTY kike so, ko da yake na Beljik wasu alamominsa ba wuri ɗaya suke da na Faransa ba.

Ƴar Unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Maman ƴan biyu, labarinki ya sa na tashi cikin daren nan na kwafe duk abin da ke tsohuwar tawa a kile biyu. Allah ya raya su Hasana.

Na kira mai kula da injunanmu kamar yadda ƙanena ɗalibi ya ce. Ashe bayanan manoman da muke bi a Access suke, kuma daga baɗi za a fara ba mu aikin taswira. Don haka duk da maganar batirin Mushe ta shiga raina sosai, ta Windows zan ɗauka. Na fi karkata ga irin ta Alhaji, saboda ƙofofinta da kuma SSD da ake iya cirewa. Zan jira kuɗin wata mai zuwa in cika in ɗauki mai giga 16, tunda ba a ƙarawa daga baya. Tsohuwar kuma ba zan sayar ba, zan sa mata sabon batiri ta zauna gida.

Baba mai gyara, akwai guda biyu da wani ya ce zai kawo mini in gani ranar Asabar, okaziyo ne duka. In na biyo da su shago za ka duba mini kafin in biya?

Mai gyara na bakin babbar kasuwa:

Ki taho da su da hantsi, kafin shago ya cika. Ki ce ya haɗo da sharjojinsu na asali, kuma ya zo da kanshi don a buɗe BIOS, wato saitin tushen injin, a gabanshi mu ga ko da kalmar sirri. Za mu duba lafiyar batiri da sau nawa anka caja shi, mu gwada kowace ƙofa da kowane maɓalli. Ki riƙo kile mai aikinki na Access, mu buɗe shi a kansu mu gani.