Tsinin yumɓu ya ɓace a zanen hasken X: shin wannan ya isa hujja?

Balkissa, Damagaram:
Assalamu alaikum malamaina. Ina bincike a kan gaurayen sitacin rogo da yumɓun monmorilonit (wani irin yumɓu mai siraran faya-fayai), da nufin samun leda mai ruɓewa wadda ta fi ta sitaci zalla ƙarfi. Da aka auna yumɓun shi kaɗai da hasken X na jan ƙarfe, mai tsawon zango nanomita 0.154 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), tsini (wurin da hasken da ya karkato ya fi ƙarfi a zanen sakamakon) ya fito a kusurwar kusan digiri 7, amma bayan na zuba kashi 3 cikin 100 a cikin sitacin sai tsinin ya ɓace ƙurmus. Shin zan iya rubuta cewa faya-fayan yumɓun sun rabu ɗai-ɗai a cikin sitacin?

Malam Issufu:
Wa alaikumus salam. Malama Balkissa, kada ki yi gaggawar rubuta haka. Tsinin digiri 7 yana nuna cewa faya-fayan, waɗanda kaurin kowanne bai wuce kimanin nanomita 1 ba, suna jere bisa juna da tazarar kusan nanomita 1.26. Ɓacewarsa tana iya nufin sun rabu, amma tana iya nufin jerin ne kawai ya hargitse, ko yumɓun ya yi kaɗan har na'urar ta kasa ganinsa, ko kuma sitaci ya kutsa tsakaninsu ya buɗa tazarar har tsinin ya koma ƙasa da digiri 2, inda na'urorin da aka saba da su ba sa gani sosai. Ki haɗa wani samfurin mai kashi 10 ki auna, sa'an nan ki niƙa ledar ta zama gari ki sake aunawa, domin a cikin leda faya-fayan sukan kwanta ta fuska ɗaya.

Dakta Hadiza:
Ƙanwata, maganar Malam Issufu gaskiya ce. Abin da zai raba gardama shi ne auna warwatsuwar hasken X a ƙananan kusurwoyi, wato SAXS, hanyar da André Guinier ya aza harsashinta a Faransa a ƙarshen shekarun 1930, wadda ke ganin tsarin da ya kama daga nanomita 1 zuwa kimanin 100. Idan faya-fayan sun watsu ɗai-ɗai, ƙarfin hasken yana raguwa daidai da q⁻² (q ma'auni ne da ke ƙaruwa tare da kusurwar warwatsuwar), idan kuwa sun dunƙule sun zama manyan curi masu santsin baya, raguwar takan kusanci q⁻⁴. Na fi amincewa da wannan fiye da hoton madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa shi kaɗai, saboda hoton ɗan lungu yake nunawa, kuma mai ɗauka yakan zaɓi lungun da ya yi masa kyau.

Abin da na fi jiye miki shi ne ruwa. Sitaci da yumɓu duk suna shan laima, don haka ledar da ta bushe ƙayau a hunturun Damagaram ba za ta ba da sakamako ɗaya da wadda ta kwana a iskar damina ba. Ki ajiye samfuranki a laima guda, ki rufe su ruf kafin aikawa, kuma ki haɗa da ledar sitaci zalla domin a cire nata warwatsuwar.

Balkissa, Damagaram:
Na gode, Dakta. To sai an kai ga babbar na'urar sinkurotoron, mai samar da hasken X mai tsananin ƙarfi, irin ta cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa, tunda har yanzu babu irinta a Afirka?

Dakta Hadiza:
A'a, ƙaramar na'urar SAXS ta ɗakin gwaji ta wadatar, domin yumɓu ya fi sitaci cunkoson ƙwayoyin lantarki masu warwatsa hasken X nesa ba kusa ba, saboda haka yana fitowa sarai. Ki nemi malamin da ke duba aikinki ya tuntuɓi wata jami'ar da ke da ita, ki aika musu samfura huɗu: sitaci zalla, da masu kashi 1, da 3, da 10.