Shawarwarin Masu Karatu ga Marubutan Labaran Kimiyya, Aljanu da Bincike

Mun zauna da wasu masoya karatu, kowa ya faɗi abin da ke jan hankalinsa da abin da ke sa shi ajiye littafi.

An fi daɗewa kan labaran bincike, wato na gano mai laifi. Kusan kowa ya tsani a ɓoye mai kisan sai a shafin ƙarshe a fito da wani baƙo da ba a taɓa ambata ba. Shawararsu ita ce a zuba alamu tun farko, yadda mai karatu zai iya gano gaskiya da kansa in ya natsu. Ni ma nan na tsaya, don wannan ne daɗin abin.

A labaran aljanu da tsafi, sun ce sihiri ya zama yana da iyaka da farashi. Layar da ke warware kowace matsala tana kashe zullumi.

Masu son ƙagaggen labarin kimiyya kuwa sun roƙi a mutunta gaskiya: babu iska a sararin samaniya, don haka ba a jin ƙarar fashewa, kuma saƙo daga duniyar Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso. Wani dattijo ya tuna mana cewa Umaru Dembo ya kai wani yaro sararin sama tun 1969 a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya.