Tsohuwar akori-kurar Baba (504): nawa za ta ci kafin ta tashi?

Dan_Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar tsofaffin motoci ku ba ni shawara. Akwai wata Peugeot 504 akori-kura ta marigayi Babanmu, yau shekara 11 kenan tana ajiye a ƙofar gida gindin darbejiya, tun da ciwon ƙafa ya kama shi ya daina tuƙi babu wanda ya sake tayar da ita. Da ita ya riƙa ɗaukar masara daga kasuwar Dandume da Bakori, kusan duk karatunmu a bayan motar nan aka biya shi. Yanzu tayoyi duk sun zauna, awaki ne ke kwana a ƙarƙashinta, gilashin gaba ya tsage, ƙasan wajen direba kuma in ka leƙa kana hango ƙasa. Satin da ya wuce ƴan gwangwan suka taya ta dubu 350, yayana har ya fara cewa a sallama, ni kuma wlh na kasa.

Ba haya zan yi da ita ba, ina da aikina, kawai so nake in mai da ita yadda take da, fara tas, in riƙa fita da ita ranar Juma'a ko in za a je gona. Ina da kamar miliyan 1 da rabi da zan iya warewa. Zai isa kuwa? Kuma daga ina ake farawa, inji ko bodi?

Usta_Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni a kan fijo na koyi aiki, a Kakuri, lokacin da PAN, kamfanin haɗa fijo, ke tashe, tun 1975 suka fara haɗa mota a Kaduna kuma 504 ba su daina ta ba sai wajen 2006, shi ya sa har gobe ba za ka rasa wanda ya san ta ba, sai dai yawancinmu mun tsufa, yaran yanzu in babu inda za su soka kwamfuta sai su tsaya suna kallon mota.

Kar ka fara da inji kuma kar ka fara da fenti. Ka samu jak ka ɗaga ta, ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin na baya yake kamawa, domin motar hatsi nan take fara gajiya. In ƙarfe ya amsa maka da ƙara mai kyau to alhamdulillahi, in ka ji lub ko gudumar ta shige, ka dakata tukuna mu sake magana. Ramin da kake gani a ƙasan direba ba komai ba ne, faranti ne za a yanka a yi walda.

Injin kuwa shi ne abu mafi sauƙi a jikinta. Silinda huɗu ne a kishingiɗe, da sarƙa yake aiki ba bel ba, kabireta ce da kontak, babu wata na'ura. Amma dan Allah kar wani ya zo da batir ya ce bari a gwada kik. Shekara 11! Ka cire fulogi duka huɗun, ka zuba ɗan baƙin mai ko gas a kowane rami, ka bar shi kwana uku ko huɗu, sannan a sa sifana a juya shi da hannu a hankali. In ya juya ka tsira daga babban kashe kuɗi. In ya ƙi, nan ma ba mutuwa ba ce, silibinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi a sa wasu da fistin da ringi. Abu ɗaya da nake gargaɗin kowa: in an cire top silinda kar a juya injin ba a danne silibin ba, in suka motsa abin da ke toshe gindinsu ya lalace, ranar da ka tayar za ka ga ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar koko. Na ga an yi wannan ɓarnar ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Tanki ma a sauke a wanke, tsohon fetur ya zama danƙo a ciki. Birki kuma duk wata roba da tiyo a canza, babu ciniki a nan.

Miliyan 1 da rabi zai sa ta yi tafiya in shasi lafiya. Amma fara tas ɗin nan da kake faɗa, hmm.

Mai404:

Usta ya gama magana, ni dai bari in ba ka labarin aljihu tunda na shiga ramin nan da ƙafata. A 2021 na sayi fijo 404 akori-kura mai giya a sitiyari dubu 600, na ce wata shida na gama, na yi lissafin miliyan ɗaya. Malam sai da ta shekara biyu da rabi, kuma da na haɗa abin da na rubuta a littafi ya haura miliyan 3, ban da wanda na daina rubutawa saboda kar uwargida ta gani.

Abin mamaki inji bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba. Bodi ne ya cinye ni. Mai gyaran bodi na farko da na kai wa, na ba shi rabin kuɗi a hannu saboda wai mutumin kirki ne a masallaci ɗaya muke sallah, motar ta yi wata bakwai a garejinsa kullum gobe, ashe duk motar da aka kawo ta hatsari mai biya nan take ita yake yi, tawa ta zama wurin ajiye kwanon abincin yaransa. Da na matsa sai ya shafe ta da bodi fila ya yi fenti cikin sati ɗaya, ta fito tana ƙyalli har na yi hoto na sa a Facebook, damina ɗaya kawai gefen ƙofa ya fara kumbura kamar ƙurji, na sa farce na ɓantaro, tsatsa ce jajir a ƙasa bai ma kankare ta ba. Haka na sake biyan wani aka kankare har ƙarfe, aka yanke ruɓaɓɓen aka yi walda, fenti sau biyu kenan. Tun daga nan duk inda za a duba min tsohuwar mota da ɗan maganaɗisu nake zuwa, inda ya ƙi kamawa to fila ce aka cusa.

Sai kuma ƙananan kaya, su ne ba wanda ke faɗa maka. Robar gilashi, robar ƙofa, marfin fitilar baya, hannun ƙofa, agogon dashbod, ɗan zakin nan na gaba. Kowanne in ka ji kuɗinsa sai ka ce ai ba komai, in ka tara sai ka riƙe baki. Na zaga Fanteka a Kaduna, na zaga Ƙofar Ruwa a Kano, wani abin sai da aka aiko min daga Ladipo a Legas, kuma da ɗan kasuwa ya gane sha'awa ce ta kawo ka ba lalura ba to farashi ya canza. Ni har tsohuwar riga nake sawa in zan je. Ga shi a tsakiyar aikin aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, fenti da tina da taya da batir duk suka tashi, abin da na yi ciniki a watan huɗu na koma a watan takwas ya kusa ninkawa.

Kai taka 504 ce za ka fi ni samun sauƙi sosai, kayanta sun fi yawa, har injin 505 mai lita 2 yana zama a ciki. Amma duk abin da ka lissafa ka ninka shi biyu. Kuma kar ka ba kowa kuɗi gaba ɗaya, kai ka sayo kaya da kanka ka biya kuɗin hannu bayan ka ga aiki. Rewaya ma ka sa shi a lissafi, motar da ta yi shekara 11 a waje ɓeraye sun gama da wayoyinta.

Abba_Realist:

Ni fa gsky ban gane ba. A wannan marrar mutum ya ɗauki miliyan biyu uku ya zuba a motar da in ya gama ba mai sayenta rabin haka? Ga shan mai kamar raƙumi, ba AC, ba fawa sitiyari. Ka ƙara kuɗi ka sayi Hijet ko keke napep ka ba wani yana kawo maka balas duk yamma, ka riƙa yi wa Baba sadaka da shi, ai ya fi masa amfani a inda yake. Ra'ayina ne dai.

Mai404:

@Abba_Realist maganar ba za a mai da kuɗi ba gaskiya ce, ni ma ban musa ba, tawa an taya ta ban ma bari mai tayin ya ƙarasa ba don kar raina ya ɓaci. Amma masu kiwon dokin sallah nawa suke samu? Kullum dusa da harawa da kanwa, a shekara a hau sau biyu uku. Ba wanda ya ce musu su sayi keke napep.

Malama_Zariya:

Ban san komai a kan mota ba amma akwai abin da na ga ba wanda ya taɓo. Ka ce ta marigayi ce kuma yayanka na son a sayar, to an raba gado kuwa? In ba a raba ba motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, da Hajiya da ƴan uwanka mata duk suna da haƙƙi a ciki. Ka sa a yi mata kuɗi yanzu tana matacciya, ka biya kowa rabonsa a gaban shaidu a rubuta, kafin ka sa ko sisi. In ka bari sai ta fito tana sheƙi sannan aka tashi rabo, da kuɗin ranar za a yi lissafi, kuma a nan zumunci ke lalacewa. Mun ga irinsa a kan gida a danginmu, har yau wasu ba sa gaisawa.

Bashe_Maradi:

Salamu alaikum ƴan uwa, ni daga Maraɗi nike. Wagga mota mu nan bashe muka ce mata, sunan daga Faransanci ya hito saboda tanfol da aka rufa ma bayanta. Har yanzu akwai masu aiki da su ranar kasuwa cikin ƙauyuka, a loda buhuhuwa a loda mutane bisa, ga rairayi, tana tahiya. Abin da zan ce maka, in ka rasa wani abu na bodi kamar ƙofa ko bonet ko gilashi ka tambaya wajenmu ko Damagaram, nan ruwa bai da yawa kamar kudu, ƙarhe bai ruɓewa da wuri, rana ce dai ke cin roba da fenti. Akwai masu injin gazuwal ma, na Indenor, ba ya gudu amma akwai jimiri. Sai dai sefa ta yi ma naira nisa yanzu, abin jikka goma in ka canza sai ka ga ya yi maka tsada, ga ƴan duwan bisa hanya. Ka samu direban da ke Katsina Maraɗi ta Jibiya ya riƙa dubo maka, ya hi ka taso da kanka. Kuma in Allah ya sa ka gamu da wadda ta mutu gaba ɗaya ana saidawa da arha, saye ta duka ka aje, kana cirar abin da kake so. Duk masu bashe na nan haka suka yi.

Dan_Funtuwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama wlh kin taɓo inda ban yi tunani ba, an raba gida da gona amma motar kowa ya manta da ita saboda ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Na yi wa Hajiya magana jiya da daddare, ta yi shiru can ta ce in dai zan gyara ta bar min nata kason, sauran kuma mun sa ranar Asabar za a zauna da kawunmu, zan biya a kan dubu 350 ɗin da aka taya.

Usta na bi maganarka. Mun ɗaga ta da safe ni da wani yaro bakanike, shasi yana amsawa ko ina sai wuri ɗaya a hagu kusa da sifirin na baya, nan akwai tsohuwar walda da alama Baba ya taɓa yi, gefenta ya ɗan tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Da muka buɗe bonet sheƙar ɓera muka tarar a cikin gidan iya kilina har da ɓawon gyaɗa, wayoyi kam Mai404 ka yi gaskiya, babu sauran na kirki. Na cire fulogi na zuba mai, ban taɓa komai ba, sai Laraba za mu gwada juyawa. A aljihun dashbod na samu carbinsa da wani littafin lissafi, buhu kaza Dandume, mai na naira kaza, da rubutun ajami, na daɗe a zaune a kujerar kafin in fito.

Abba na ji shawararka kuma ban ji haushi ba, sadaka ana yi insha Allahu. Na dai sauke buri, bana inji da birki da waya da taya, fenti sai bayan kaka in an sayar da amfani.

Usta wannan tsagewar ta kusa da sifirin, walda kawai za a sake ko sai an ɗora mata wani ƙarfe?

Usta_Kakuri:

Kar a bi kan tsohuwar waldar. A kankare ta duka, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagewar don kar ta ci gaba, a yi sabuwa sannan a ɗora faranti mai kauri ya wuce wurin ta kowane gefe. Kuma a sauke tanki kafin mai walda ya kunna wuta. Turo min hoton wurin tukuna, ka haska da tocila sosai.