Neman shawara kan lissafin kwanakin bizar Shengen

Assalamu alaikum. Na kammala aikin gyaran injina a Jamus, kuma sai bayan mako uku zan fara wani a Beljiyam. Bizata ta Shengen ce (wato yankin wasu ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya), mai ba da izinin zaman kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma na riga na cinye 62. Niyyata in tafi Santambul, tunda Turkiyya ba ta cikin yankin, in ga Masallacin Sultan Ahmed da na daɗe ina kallo a hoto. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shin lissafin yana tsayawa ranar da na fita, ko ita ma ranar ana ƙirga ta? Aikin Beljiyam na buƙatar kwana 28 cif, don haka kwana ɗaya ma ba na wasa ba ne. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.