Gwiwar ɗan kokowa ta kumbura: maɗori ko asibiti?

Ɗan Ader: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawararku a kan ƙanena, matashi ɗan shekara 23 da ke kokowa a nan Tahoua. Shekaranjiya da yamma suna gwaji, ya kafa ƙafar dama cikin rairayi, abokin karawarsa ya murɗa shi, gangar jiki ta juya amma ƙafa ba ta bi ba. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwa, kuma kafin sallar isha'i ta kumbura ta yi suntum. Yana takawa da ƙyar, sai dai in ya ɗora mata nauyi yakan ji za ta zame daga ƙarƙashinsa. Mahaifiyarmu ta nace a kai shi wurin maɗori, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da asibiti. Wanda ya san kan abin ya taimaka mana, kuma in da wurin da kuka gwada kuka ga amfaninsa, ku faɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, kada ka raina maganar mahaifiyarku, domin maɗora sun ɗora ƙasusuwa da yawa a garin nan sun kama, kuma yawancinsu gado suka yi. Abin da zan roƙe ku shi ne kada ku yarda a matse ɗauri. Na ga yaron maƙwabta da ya faɗo daga bisa katanga ya karye a gwiwar hannu, aka jera masa karare aka ɗaure tamau, ya kwana yana kuka ana cewa raki ne, washegari yatsunsa suka yi sanyi suka sake launi. An ceci hannun a asibiti, amma har yau yatsun a tanƙware suke.

Baba Mai Ritaya: Na yi aikin jinya shekaru masu yawa, don haka ku ba ni dama in ɗan tsawaita. Ɗana, kafin a yi gardamar inda za a kai shi, ya kamata a san abin da ke cikin gwiwa. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Babu wani rami mai zurfi da ɗaya ya shige cikin ɗaya irin na ƙugu, saboda haka abin da ke riƙe da su shi ne manyan jijiyoyi huɗu masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Biyu suna gefe, ta ciki da ta waje, suna hana gwiwa karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiya sun gitta juna, ta gaba tana hana ƙwauri zamewa gaba, ta baya tana hana shi zamewa baya. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu da ke zaune kamar gammo, suna raba nauyi don kada ƙashi ya ci ƙashi.

Abubuwa ukun da ka lissafa, wato ƙarar da ya ji, da kumburin da ya zo cikin sa'o'i kaɗan, da zamewar ƙafa, sun fi kama da tsinkewar jijiyar tsakiya ta gaba, kuma sau da yawa guringuntsi yana yagewa tare da ita. Kumburin da ya zo da sauri haka galibi jini ne ya taru a cikin gaɓar. Ban ce tabbas ita ce ba, domin ba a yanke hukuncin gwiwa sai an taɓa ta da hannu. Amma in ita ce, to babu abin da maɗori zai ɗora, tunda ba ƙashi ne ya rabu ba, kuma ja da murza za su ƙara ɓarna ne kawai.

Ku fara da hoton radiyo, wato hoton ƙashi, domin wani lokaci saman ƙashin ƙwauri yana tsagewa a irin wannan murɗiya. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da ƙa'ida a shekarun 1990 da ake bi har yanzu: a ɗauki hoto in mutum ya kai shekara 55, ko ƙoƙon gwiwa ne kaɗai ke zafi in an danna, ko kan siririn ƙashin da ke gefen waje yana zafi, ko ba ya iya lanƙwasa gwiwa ta kai digiri 90, ko ya kasa yin taku huɗu. Sai dai ku sani radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. In aka ce muku hoto ya fito lafiya, ma'anarsa ƙashi bai karye ba, ba wai gwiwa ta tsira ba. Ku roƙi likitan ƙashi ya gwada ta da hannu: zai kwantar da shi, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan, sannan ya kwatanta da ƙafar da ke lafiya.

Game da abin da Hajiya ta faɗa, a bayan gwiwa ma akwai babbar jijiyar jini. Duk sa'ad da tafin ƙafa ya yi sanyi, ko ya mutu ba ya jin taɓi, ko zafi ya ƙi jin magani yana ta ƙaruwa, a kwance ɗauri a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ɗan Mahauta: Baba, bayaninka ya yi daidai da abin da muke gani kullum a kan teburin fawa. Ɗan Ader, in kana son mahaifiyarku ta gamsu ba tare da musu ba, ka sayi cinyar rago ta baya da ba a sassara ba, ka buɗe gaɓar da ke tsakanin cinya da ƙwauri a gabanta. Za ku ga kan ƙashin fari fat yana sheƙi, da ɗan ruwa mai yauƙi, da guringuntsin nan biyu a kwance, kuma in ka leƙa tsakiya za ka ga farare biyu gajeru sun gitta juna. Muddin suna nan, ko ka ja da ƙarfi gaɓar ba ta rabuwa. Da ka sa bakin wuƙa ka datse ta gaban, sai ƙwaurin ya fara yawo a hannunka alhali ƙashi lafiyarsa lau.

Direban Hanyar Yamai: Batun wurin zuwa, ku fara da babban asibitin jiha na nan Tahoua, tunda akwai radiyo kuma shi ne mafi kusa. Mutane da yawa da nake ɗauka suna kuma zuwa asibitin Galmi, wanda ke kan hanyar Ƙwanni zuwa Madawa, an daɗe da saninsa da aikin tiyata. In likita ya rubuta hoton IRM, wanda shi ne ke nuna jijiya da guringuntsi, sai ku yi shirin Yamai, tafiyar wajen kilomita 550 ta Ƙwanni da Dosso. Kada ku kama hanya sai wani naku a can ya tabbatar muku da ranar da za a karɓe ku da kuɗin da za a biya. Ku tafi da takardar likita da hoton radiyon farko, ku nema masa kujerar da zai iya miƙe ƙafa, kuma duk inda mota ta tsaya ya sauka ya ɗan motsa, domin zaman wuni guda da ƙafa a naɗe ba ya yi wa mai rauni kyau.

Malamin Dabbobi: Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Ɗan Mahauta, don kada a buɗe gaɓar da ba ita ba. Abin da muke kira gwiwar rago ko ta doki a ƙafar gaba, wadda raƙumi ke fara durƙusawa a kanta, daidai take da wuyan hannun mutum. Gwiwa ta ainihi tana ƙafar baya, can sama kusa da kwiɓi, kuma wadda ke lanƙwasa baya a ƙasanta ita ce madadin idon sawu da diddige. Karnuka ma suna yawan tsinka wannan jijiya ta gaba, sai ka ga kare yana ɗage ƙafar baya. A aikinmu, akuyar da ta karye a dogon ƙashi na ƙasa, fata ba ta fashe ba, ana shimfiɗa auduga a ɗora itace a ɗaure, cikin mako 4 zuwa 6 ta kama, muddin ana duba kofato kullum. Irin wannan karaya ce hannun maɗori ya fi ƙwarewa a kanta. Rauni a cikin gaɓa kuwa wani abu ne daban, ga dabba da mutum duka.

Tsohon Ɗan Kokowa: Ni ban ƙi asibiti ba, amma ina jin tsoron saurin kai yaro ga wuƙa. Na san waɗanda gwiwarsu ta yi irin wannan a fili, ba a yi musu aiki ba, kuma ga su nan suna noma suna hawa babur. Abin da na ga yana gama ƴan kokowa shi ne gaggawa: kumburi na sacewa sai makaɗa su zuga shi, ya ɗaura bandeji ya koma fili don kada gasar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasa, ta wuce shi, gwiwa ta sake zamewa, daga nan sai ciwo ya zama na din-din-din. Ƙanena, ka hana shi fili tukuna, ko da zai yi fushi da kai.

Malama Kine: Ina aikin gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki a Yamai, kuma Baba tsohon ɗan kokowa ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sauran magana. Ba duk wanda wannan jijiya ta tsinke ake yi wa tiyata ba. Wanda rayuwarsa tafiya ce miƙe, in ya ƙarfafa tsokar cinya ta gaba da ta baya, sau da yawa ya wadatu. Kokowa kuwa gaba ɗayanta kafa ƙafa ne da murɗawa, wato ainihin aikin da jijiyar ke yi, kuma in ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Duk zamewar da gwiwa ta sake yi tana iya ƙara yaga guringuntsi, shi kuwa gefensa na waje ne kawai ke samun jini sosai, don haka yagewar cikinsa ba ta cika warkewa ba. In aka yanke shawarar aiki, ba ɗinke tsohuwar ake yi ba, ana ciro wata jijiya daga bayan cinyarsa ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a madadinta, kuma komawa fili yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda. Ba a gaggawar wannan aiki. Likitoci sun fi so kumburi ya sauka, gwiwa ta koma miƙewa da lanƙwasa, kafin su taɓa ta.

Abin da za ku yi daga yau: ku naɗe ƙanƙara cikin tsumma ku ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a wuni, kada ta taɓa fata kai tsaye. In ya kwanta a tada ƙafar ta fi ƙirjinsa tsawo, matashin ya kasance ƙarƙashin sha-raɓa da diddige. Bandeji ya zama wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. A bar gashi da ruwan zafi da murza da man zafi a kwanakin farko, domin suna ƙara kumburi. Ya dogara da sanduna har sai likita ya gan shi.

Ɗan Ader: Na gode muku ƙwarai. Mun je da safiyar nan, hoto ya nuna ƙashi bai karye ba, likita kuma ya ja ƙwaurin yadda Baba ya kwatanta, ya ce ya fi na hagu sakewa, ya rubuta IRM. Mahaifiyarmu ta haƙura. Saura tambaya biyu: abokansa sun kawo masa ƙwayoyi daga masu tallar magani, shin ya sha? Kuma ya ci gaba da kwanciya ne har ranar tafiya?

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ka karɓe ƙwayoyin nan ka ajiye, ya sha abin da ke kan takardar likita kawai, a saya a farmasi. Paracetamol ya isa ga yawancin irin wannan zafi. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi da kumburi, amma suna iya cin ciki su taɓa ƙoda, musamman ga wanda ke shan su ba abinci ko yake fama da ƙarancin ruwa a wannan zafi namu, kuma ba a haɗa su biyun tare. Taramol kuwa kada ya kusance shi in ba likita ya rubuta ba, domin yana kama mutum, kuma yana rufe zafin da ke hana shi taka ƙafar fiye da kima.

Malama Kine: Yayana, kada ya kwanta haka kawai, domin tsokar cinya tana fara ramewa cikin ƴan kwanaki. Ya zauna a tabarma ƙafa a miƙe, ya matse tsokar gaban cinya har bayan gwiwa ya danna ƙasa, ya riƙe daƙiƙa 5 ya saki, sau 10, ya maimaita safe da rana da dare. Bayan haka ya riƙa jawo diddige a hankali zuwa jikinsa iyakar inda zafi ya bari, sannan ya mayar, kuma ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa don jini ya gudana. Abu biyu za su sa ku koma wurin likita ba tare da jiran ranar Yamai ba: in gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, wanda yakan nuna yagaggen guringuntsi ya shiga tsakanin ƙasusuwa, ko kuma in sha-raɓa ta kumbura tana zafi, domin jini yana iya daskarewa a jijiyar wurin. Ka gaya mini gobe ko diddigensa da bayan gwiwarsa suna iya taɓa tabarma a lokaci guda, daga nan zan faɗa maka abin da za a ƙara.