Kaka ta shigo, yarona ya ƙi makaranta saboda kalan gyaɗa

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara, wallahi kaina ya ɗaure. Muna zaune a wani ƙauye wajen Funtua, tunda ruwa ya fara ɗaukewa aka shiga cire gyaɗa babban yarona mai shekara 11 ya juya wa boko baya. Ana idar da sallar asuba sai ya bi abokansa kala a gonakin mutane, ya tara kwano ɗaya ko biyu ya kai wa masu ƙuli-ƙuli su ba shi kuɗi a hannu, yanzu har awara yake sayo wa ƙannensa yana wani ɗaga kai kamar magidanci. Ga shi aji shida yake, bana zai zana jarabawar shiga sakandare, malaminsu har ya aiko min a kan fashin da yake yi.

Abin da ya fi damuna, kakansa ke ɗaure masa gindi, wai su ma haka suka taso kuma ba su lalace ba. Maigidan kuma ba ya iya musu da Baba, in na yi magana sai ya ce in bari kaka ta wuce. To yaushe? Bayan gyaɗa ga wake ga dawa, sai hunturu ya kankama kenan.

Faɗa na yi, lallashi na yi, na ce ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi kawai ya ƙi. Wadda ta taɓa shiga irin wannan, ya kika yi da yaron ba tare da kin saɓa wa suruki ba?