Wai Turawa ba sa rushe tsohon gini? Muhawara kan kotun gundumar Cook

Kawu: Ni fa abin da ke burge ni da Turawa kenan, ba sa rushe tsohon gini, kotun da kakanninsu suka gina ita jikoki ke shiga har gobe.

Ɗan Chicago: Kawu a yi haƙuri, wannan kam ba haka ba ne. Nan gundumar Cook da nake zaune, inda birnin Chicago yake a Amurka, ɗan ƙaramin ginin kotu na farko 1835 aka yi shi, a 1853 aka yi babba, a cikinsa ma aka ajiye gawar shugaban Amurka Abraham Lincoln a 1865 mutane suka yi layi suna wucewa, yanzu ko bulo ɗaya ba za ka gani ba.

Kawu: To ai wuta ce ta cinye shi ɗana, gobarar 1871, wannan ƙaddara ce ba hannun mutum ba.

Injiniya: Gaskiyar Kawu a nan. Ƙararrawar saman ginin ma tana ta bugawa har ta rufto ƙasa, fursunonin da ke ƙasan ginin buɗe musu aka yi suka fita. Amma Kawu wanda aka gina bayan gobarar fa? An gama shi wajen 1885 da uban kuɗi da ado kamar gidan sarki, ciki duhu ga matsi, shekara ashirin da 'yan kai suka sa masa guduma da hannunsu, na yanzu a 1911 aka kammala shi haɗe da ofishin magajin gari.

Lauya: Ku kuna ta zancen bulo da siminti, ni takardun ne ke ba ni mamaki wallahi. Duk rajistar filaye ta gunduma a kotun take ta ƙone ƙurmus, mutum na da fili ba shi da shaida, Allah ya taimaka wasu kamfanoni masu kwafar bayanan filaye sun tsere da littattafansu cikin daren, a 1872 aka yi doka kotu ta riƙa karɓar nasu a matsayin hujja. Da ba don su ba da rigimar gado har yau ba ta ƙare ba.

Kawu: Duk da haka dai ban sauka ba. Babu ko ɗaya da suka bari?

Ɗan Chicago: Akwai ɗaya a titin Hubbard, kotun manyan laifuka ta 1893, yana nan tsaye da duwatsunsa amma ofisoshi ne yanzu, tun 1929 shari'ar laifi ta koma sabon gini a titi na 26. Ƙarar kuɗi da aure kuma Daley Center ake zuwa, dogon bene na ƙarfe da gilashi na 1965.

Kawu: Ka ga ni ko? Sun bar ɗaya.

Injiniya: Ɗaya cikin nawa Kawu 😂

Lauya: Ɗan Chicago in ka bi ta Hubbard ɗin ka ɗauko mana hoto don Allah.